Kundin Gyaran Peugeot 504: Tafasar Inji da Canjin Gasket

Asabar, 13 ga Afrilu, 2024

Jiya Juma'a da misalin ƙarfe uku na rana, muna dawowa Kano daga gaisuwar salla a Zariya, motar da na gada daga marigayi mahaifina ta tafasa a kusa da Kwanar Ɗangora. Peugeot 504 ce ƙirar 1984, haɗin Kaduna, mai inji XN1 na silinda huɗu wanda girmansa ya kai 1971 cc. Ba zan ce abin ya zo mini da bazata ba, domin tun tsakiyar azumi allurar zafi take haura rabi idan na shiga cunkoso, kuma kowace safiya sai na ƙara wa lagireto kusan lita ɗaya ta ruwa, ina lallashin kaina da cewa zafin bazara ne kawai.

Kurakurai biyu na yi a kan hanya, kuma ina rubuta su a nan domin kada nan gaba in ɗora wa wani laifin. Na farko, da allura ta shiga ja ban tsaya nan take ba, sai na ci gaba da tafiya har kusan kilomita uku ina neman inuwa saboda yara. Na biyu, da na tsaya ban bar injin ya huce ba, na sayi ledar fiyawata mai sanyi na buɗe murfi da tsumma na yi ta ɗura masa, ina jin ƙarfe yana ƙara kamar an jefa ƙosai a mai. Daga nan zuwa gida sai da na tsaya sau huɗu ina ƙara ruwa, kuma tun daga Kura injin yake karkarwa kamar wanda ke aiki da fulogi uku.

Da safiyar yau na zaro gejin baƙin mai na tarar ya koma launin shayi mai madara, ya kuma haura alamar cika da kusan yatsa biyu. Ban sake tayar da ita ba. Na kira ogan garejin da yake duba motar tun Baba yana raye, ya ce a jawo ta ranar Litinin.

Litinin, 15 ga Afrilu

An jawo motar da igiya zuwa gareji. Tun kafin a buɗe bonet oga ya yanke hukunci: "Yallaɓai, gasket ɗin tof ne ya ƙone, a saya sabo, jibi ka ɗauki motarka." Gasket ɗin tof shi ne shimfiɗar da take toshe tsakanin kan inji da bulok, wato gangar jikin injin. Na yarda da rabin maganar, amma na roƙe shi mu gwada tukuna. Mun cire fulogi huɗu, na silinda ta 1 da ta 4 suna da toka ruwan ƙasa irin ta kullum, amma na 2 da na 3 sun fito fes kamar an wanke su da sabulu, wanda ke nuna tururin ruwa ne yake wanke su a ciki. Mun aro ma'aunin matsi daga maƙwabta, silinda ta 1 da ta 4 suka ba da kusan bar 10, biyun tsakiya kuwa ba su kai 6 ba. Silinda biyu maƙwabtan juna da suka faɗi tare kusan kullum suna nufin gasket ya huje a siririn wurin da ke tsakaninsu. A nan ne na tuna wa yaran gareji cewa a injin Fijo ana fara ƙirga silinda ta 1 daga baya ne, ta wajen giya, ba daga wajen fanka ba, don kada a rikita sassa idan an kwance.

Inda muka sha bamban da oga shi ne maganar jibi. Gasket ba ya ƙonewa haka kawai a motar da ta yi shekara arba'in tana aiki. Kan wannan inji na alminiyam ne, bulok kuwa baƙin ƙarfen zubi, kuma alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, saboda haka duk lokacin da injin ya wuce kima, kan yana tirjewa a bisa bulok yana murje gasket, idan ya huce kuma ba ya komawa daidai yadda yake. Abin da ya sa injin yake zafi tun cikin azumi yana nan bai tafi ko'ina ba, idan muka ɗora sabon gasket a kansa, kafin babbar salla za mu sake haɗuwa a wannan garejin. Na gaya masa ba na gaggawa, zan riƙa hawa Keke Napep har a gama.

Laraba, 17 ga Afrilu

Yau aka cire kan inji. An zubar da ruwa da gurɓataccen mai, an cire kafireto da bututun salansa da famfon ruwa, wanda a wannan inji a gaban kan yake ɗaure. Kusoshi goma ne suke riƙe da kan, kuma mun sassauta su kaɗan kaɗan daga gefe zuwa tsakiya. Sandunan tura bawul guda takwas na soke su a jikin kwalin taliya bisa jerinsu, na rubuta lamba a ƙarƙashin kowace, domin kowace ta riga ta ci daidai da mazauninta.

Abin da ya bambanta wannan inji da na yawancin motocin da yaran gareji suka saba da su shi ne silib. Silindar 504 ba a jikin bulok aka huda ta ba, bututu huɗu ne na ƙarfe da ake zura su a ciki, ruwa yana zagaya jikinsu kai tsaye, kuma ba abin da yake riƙe da su sai kan inji da ya danne su daga sama. A gindin kowane akwai siririn zobe da yake hana ruwa gangarawa cikin baƙin mai. Don haka ba a ɗaga kan a miƙe, saboda tsohon gasket yana iya manne wa silib ya taso da shi. Oga ya san wannan sarai, ya zura ƙarafa biyu a ramukan kusoshi ya riƙa girgiza kan gefe da gefe har ya saki, sannan mutum biyu suka ɗauke shi.

Gasket ɗin ya huje tsakanin silinda ta 2 da ta 3, zoben ƙarfensa ya tsage kamar tsawon farce, baƙar hanyar wuta ta bi ta wurin har zuwa ramin ruwa. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne famfon ruwa. Da na juya shi na leƙa, fukafukansa tsatsa ta cinye su saura kututture, wato fambel yana juya shi amma ruwan da yake turawa bai taka kara ya karya ba. Mazaunin tamostat kuma, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗau zafi, wayam, babu kowa a ciki. Oga ya ce shi da kansa ya cire shi shekaru da dama da suka wuce, da iznin Baba.

Magariba ta yi kafin mu samo manyan wasa (faifan ƙarfe masu huda a tsakiya) da gajerun kusoshin da za a danne silib da su, muka ce sai da safe.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na iso da ƙarfe tara na tarar da ƙaramin yaron gareji ya kankare saman fistin biyu tas, kuma domin ya kai ga sauran biyun ya sa sifana ya juya karanshaf. Fistin ta 2 da ta taso sai ta taho da silib ɗinta, ya ɗago sama da bulok kamar kaurin ashana. Yaron ya mayar da shi da ƙotar guduma yana ganin shi ke nan. Oga ya ɗauko fambel zai zane shi, na riƙe hannunsa, domin gaskiya mu manya ne muka tafi muka bar inji a buɗe ba tare da mun gaya wa kowa komai ba, shi kuwa neman yabo yake yi.

Mayar da silib da guduma ba ya gyara komai. Da zarar ya ɗago, zoben gindinsa ya yage, kuma tsatsa da laka sun zuba a mazauninsa, don haka ko an ɗaure kan, ruwa zai riƙa tsiyaya cikin baƙin mai, a ce sabon gasket ne ba shi da kyau. Oga ya ba da shawarar a shafa gam a rufe, na ce wannan gyaran gangar Abzinawa ne. Mun tsaya a kan a sauke injin gaba ɗaya a zare silib huɗun. Aikin kwana uku ya koma na mako biyu, kuɗin hannu kuma ya ninka.

Asabar, 20 ga Afrilu

An sauke injin jiya, yau aka zare fistin da silib, kowane da lambarsa da alamar inda yake fuskanta. Abin da muka gani a cikin bulok ya sa na daina jin haushin yaron. Laka ce ja mai kauri, haɗe da farin dutse irin wanda ke taruwa a gindin buta, ta cika wurin da ruwa ya kamata ya zagaya, musamman a bayan silinda ta 1 inda ruwa ya fi jinkiri, har kusan sulusin tsayin silib. Da tsohon sukudireba muka riƙa sara ta, muka cika gwangwanin madara babba sau biyu. Wannan ita ce ajiyar ruwan rijiya da na burtsatse da muka yi shekaru muna zubawa, ni da Baba kafin ni, ba tare da ko cokali ɗaya na maganin tsatsa ba. Da an bi shirin farko, da wannan laka tana nan a ƙarƙashin sabon gasket ba wanda ya san da ita.

Da yamma na kai kan inji wurin masu gurzar ƙarfe. Dattijon da ke wurin ya wanke fuskar, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye da kuma a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, yana zura fila geji a ƙarƙashi. A tsakiya, daidai inda gasket ya huje, na 0.15 mm ya shige ba tare da turjiya ba. Na roƙe shi kada ya ɗebe fiye da abin da ya wajaba, domin duk abin da aka gurje daga kan yana ƙara matsin silinda, kuma ƙarfen da aka ɗebe ba ya dawowa. Ya ce 0.20 mm zai isa. Ya kuma toshe ramukan ruwa ya hura iska ya nutsar da kan a cikin randar ruwan zafi, muka tsaya muna jiran kumfa. Ba ta fito ba, alhamdu lillahi, ruwan sanyin da na ɗura a Kwanar Ɗangora bai tsaga shi ba. Gefen ramukan ruwa biyu dai ya zaizaye kamar gara ta ci, za a cike su da walda kafin a gurza.

Talata, 23 ga Afrilu

Na wuni a kasuwar Ƙofar Ruwa. Kayan 504 ba su yi wuyar samu ba har yanzu, kasancewar an ci gaba da haɗa motar a Kaduna har zuwa 2006, sai dai mai kyau da marar kyau a kwali iri ɗaya suke zuwa. An nuna mini gasket kala uku. Mafi araha da na lanƙwasa shi kaɗan sai na ji shi kamar kwalin takalmi, zobensa kuma bai kwanta daidai ba a gefe ɗaya. Na ɗauki mai tsadar bayan na ɗora tsohon a kansa na tabbatar kowane ramin ruwa da na mai ya faɗa a wurinsa, musamman da yake akwai injin 1796 cc mai ƙaramar silinda wanda gasket ɗinsa yake kama da wannan a ido. Na sayi famfon ruwa, da tiyo na sama da na ƙasa, da fambel, da zoben gindin silib masu kauri daban-daban, da ringi tunda an riga an buɗe, da murfin lagireto.

Murfin nan mutane suna raina shi. Wanda ke kan motar robarsa ta bushe ta tsattsage, ba ya riƙe matsi ko kaɗan. A Kano ruwa a buɗe yana tafasa a kusan digiri 98, amma ko matsin rabin bar ya isa ya ɗaga wannan zuwa kusan 110, kuma wannan tazarar ita ce take raba motar da ta jure cunkoson Kurna da wadda ta yi amai a tsakiyar titi.

Tamostat ne ya jawo muhawara da na koma gareji. Oga ya ce na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara, a nan ba abin da yake yi sai tare wa ruwa hanya, kuma ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, kusan duk bakanike a unguwar haka yake yi. Na ce masa, "Oga, mu tafasa ruwa mu gani." Aka ɗora tukunya a risho, muka rataya sabon da zare, an rubuta 75 a jikinsa, kuma tun kafin ruwa ya fara ɓararraka ya buɗe baki wangam. Tamostat mai lafiya a watan Afrilu a buɗe yake wuni, ba shi ne yake sa inji zafi ba. Amfaninsa yana bayyana da asubar hunturu, lokacin da injin da ba shi da shi yake daɗewa a sanyaye yana shan fetur yana wanke man jikin silinda. Ina zaton lokacin da aka cire na farko, motar ta riga ta fara zafi saboda laka, aka cire shi aka sami ɗan sauƙi na wata biyu, aka ɗauka an gano cutar. Oga bai ce ya yarda ba, ya dai ce motata ce.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Mai gyaran lagireto ya narke dalmar tankin sama ya cire shi a gabana, ya zuba ruwa, sai ga shi fiye da rabin bututun ba sa ɗiga. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe, uku suka fashe ya toshe su. Fankar motar irin mai maganaɗisu ce da ke kamawa idan ruwa ya yi zafi, gawayinta ya cinye, an sa sabo, mun gwada da waya ta kama da ƙara. Kan inji ya dawo yana sheƙi.

Litinin, 29 ga Afrilu

Haɗawa ta ci Asabar da yau. Mafi cin rai shi ne daidaita silib, domin dole kowane ya ɗara fuskar bulok da ɗan abin da bai kai kaurin takarda biyu ba, kuma huɗun su yi kusan daidai da juna, ta yadda gasket zai fi matsuwa a bakin silinda inda wuta take. Wanda ya nutse ƙasa da sauran, a nan gasket zai sake hujewa. Mun goge mazauninsu har sai da yatsa bai ji ƙwarzane ba, muka zura su muka auna, muka zare muka canza zobe, muka sake aunawa. Silib na 3 sai da aka yi masa haka sau huɗu. Wannan karon an danne su da wasa tun kafin a taɓa karanshaf, kuma yaron nan ne da kansa ya ɗaure su, yana ta dubana.

Ramukan kusoshi goma na bulok na sa an tsane su da tsumma a kan waya, saboda ruwa ko mai da ya kwanta a gindin rami yana tokare kusa, sifana ta nuna ta ɗauru alhali kan bai zauna ba, wani lokaci ma bulok ya tsage. Gasket an sa shi a bushe, ba gam ba giris, duk da kwalbar gam ɗin da aka ajiye a kusa da ni ko zan canza shawara. Sifana mai awo ita ma aro ce, domin a garejin da ƙarfin damtse ake ɗaure kan inji, kuma oga yana alfahari da cewa hannunsa ya san awo. Mun bi littafin motar da Baba ya bari a akwatin gaba, daga kusoshin tsakiya muna zagayawa zuwa gefe, a matakai, ba a bugu ɗaya ba. Tafet, wato 'yar tazarar da ake bari a kan bawul, mun saita shi a sanyaye, 0.10 mm ga bawul na shiga, 0.25 mm ga na fita, ta hanyar da masu Fijo suka saba: idan bawul ɗin fita na silinda ta 1 ya buɗe sosai, a saita na shiga na 3 da na fita na 4, a ci gaba bisa jerin wuta na 1, 3, 4, 2.

Laraba, 1 ga Mayu

Hutun ranar ma'aikata ya ba ni wuni guda. An mayar da injin jiya, yau muka cika lagireto da ruwan batir marar asid haɗe da maganin tsatsa, muka bar murfi a buɗe har iska ta gama fita. A kik na uku ya tashi. Salansa ya yi farin hayaƙi na kusan minti goma, gabana yana faɗuwa, amma ruwan da ya kwanta a tukunyarsa ne tun ranar tafasa, ya ƙone ya wuce. Na riƙe tiyon sama ina jira, yana sanyi yana sanyi, can sai ya ɗau zafi lokaci guda, alamar tamostat ya buɗe. Mun bar shi yana aiki a tsaye rabin awa cikin rana, fanka tana kamawa tana saki, allura ba ta kai rabi ba. Bayan ya huce aka zubar da man farko mai araha da muka sa don wanke ragowar ruwa, aka zuba na gaske da sabuwar filta.

Asabar, 25 ga Mayu

Motar ta cika kilomita 1,000 ranar Alhamis, a ciki har da zuwa Zariya sau biyu da tsayuwar kusan minti arba'in a cunkoson Kurna da azahar. Na bar ta ta kwana a gareji domin a same ta a sanyaye. Da safe muka sassauta kusoshin kan ɗaya bayan ɗaya muka sake ɗaure su da awo, biyun tsakiya sun ƙara shiga kaɗan, sannan aka sake saita tafet. Matsin silinda huɗun yanzu tsakanin bar 10 da 11 yake, baƙin mai yana nan da launinsa, kuma ruwan da na ƙara a makonni uku bai cika kofin shayi ba. Wannan ɗan ragin ma mun gano shi: ɗigo ne a bakin tiyon ƙasa inda kilif ya sassauta, an matse shi.

Saura abu ɗaya da ban gamsu da shi ba. Tun da aka gurje kan, idan na taka mai a giya ta huɗu a hawan gada injin yana ɗan ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Oga ya ce fetur ne, ni kuma ina zargin wuta ta yi gaba, wato fulogi yana ba da wuta kafin lokaci. Mun yi alkawari Asabar mai zuwa zai aro fitilar saita wuta mu ja distiributa baya kaɗan mu gwada a gadar Ƙofar Nasarawa.